Tafiya Umara: Ƙananan Kayan da Ke Riƙe Matafiyi da Yadda Ake Shirya Su

Zuwana Umara na farko, ni na sauka a Madina, akwatina bai sauka ba. Na tsaya gaban bel ɗin kaya yana ta juyawa har ya zama ba kowa sai ni da wata tsohuwa 'yar Indonesiya. Cajar wayata tana cikin akwatin, haka maganina, haka takardar da aka rubuta sunan masaukinmu. Abin da ke jikina fasfo ne da waya mai cajin kashi 8 cikin ɗari. Sai bayan kwana uku akwatin ya iso. A kwana ukun nan na gane cewa babban akwati ɗan rakiya ne kawai, tafiyar tana cikin 'yar jakar da ke rataye a kafaɗarka.

Wannan bayani na mai shirin zuwa Saudiyya ne, musamman karon farko, ko wanda zai raka mahaifi ko mahaifiya. Amma 'yan kasuwar Dubai, Alƙahira da Guanzu za su tsinci nasu a ciki.

Mataki na 1: Takardu, tun saura wata guda

Buɗe fasfonka yau ka duba ranar ƙarewarsa. Ana so ya kasance da sauran aƙalla wata 6 daga ranar da za ka shiga ƙasar. Mutane da yawa sai ejan ya karɓi kuɗin biza sannan a gano saura wata huɗu, a shiga guje-guje a ofishin shige da fice.

Sai rigakafi. Mai fita daga Najeriya ko Nijar yana buƙatar katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar cutar shawara, kuma allurar ba ta fara ƙirguwa sai ta kwana 10. Saudiyya tana neman ta sanƙarau ga masu Hajji da Umara, ita ma a yi ta kwana 10 kafin isa. Ka je a yi maka allurar da gaske. Sayen kati ba allura yaudarar kai ce, don za ka shiga cikin dubban ɗaruruwan mutane daga kowace kusurwa ta duniya, kowa da tarin da ya zo da shi.

Da biza ta fito, yi mata kwafi uku a takarda, tare da shafin fasfo mai hoto, tikiti da takardar masauki. Ɗaya a jakar hannu, ɗaya a cikin akwati, ɗaya a bar wa na gida. Sannan ka ɗauki hotonsu da waya, ka tura wa kanka ta imel ko ta WhatsApp. Kada ka dogara da cewa za ka buɗe su a filin jirgi da intanet. Ajiye su a cikin wayar kanta.

Mataki na 2: Wuta, inda aka fi yin asara

A nan zan daɗe, domin a nan na ga an fi zubar da hawaye.

Mu da muka saba da ɗauke wuta mun ɗauka girman fawa bank shi ne darajarsa. A gida haka ne. A jirgin sama kuwa akwai iyaka, kuma ba da mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) ɗin da aka rubuta ɓaro-ɓaro a kwali ake auna ta ba, da wani ma'aunin ne da ake kira Wh. Ƙa'idar da kamfanonin jirage suka ginu a kai ita ce: wanda bai wuce Wh 100 ba ana shiga da shi, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin, abin da ya haura 160 ba ya hawa jirgin fasinja.

Lissafin ba wuya. Ninka mAh da 3.7, ka raba da 1,000. Mai 10,000 ya zama Wh 37. Mai 20,000 ya zama 74. Mai 27,000 yana bakin iyaka. Mai 30,000 ya kai 111, ya shiga sahun neman izini. Mai 50,000 kuwa, irin wanda ake yi wa hannu kamar rediyo, 185 ne, ba shi da hanya.

Na taɓa tsayawa a layin bincike bayan wani dattijo da aka zaro irin wannan daga jakarsa. Ya ce wa jami'in, "Yaro, ɗana ne ya saya min jiya, ko ledarsa ban gama ɓarewa ba." Jami'in ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ko a ba wanda ya rako ka, ko a bar shi nan." Masu rakiya sun riga sun kama hanyar gida. Haka aka ajiye shi a kan tebur, dattijon yana tafe yana waiwaye.

Saboda haka sayi mai 20,000, ko biyu masu 10,000 idan kamfanin jirginka ya yarda da biyu. Ka tabbata rubutun ƙarfinsa yana nan a jikinsa ana karantawa, don wanda rubutunsa ya goge ana iya hana shi ko da ƙarami ne. Kuma fawa bank ba ya shiga akwatin da za a auna a kai ƙarƙashin jirgi. A jakar hannu yake tafiya. Dalilin shi ne batirin litiyom idan ya kama wuta a inda mutane suke, za a gani a kashe. A ma'ajiyar kaya ba mai gani.

Dokokin sun ƙara tsauri bayan wani jirgin Air Busan ya ƙone a Koriya ta Kudu a Janairun 2025 kafin ya tashi. Kamfanin Emirates, daga 1 ga Oktoban 2025, ya taƙaita fasinja ga guda ɗaya, ya kuma hana amfani da shi a cikin jirgi. Masu zuwa Sin su lura: tun ƙarshen Yunin 2025, a jiragen cikin gida na ƙasar ana ƙwace duk fawa bank ɗin da ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta gwamnatin Sin. Duba shafin kamfanin da ka yanki tikitinsa kwana biyu kafin tafiya.

Sai soket. A wannan an huta: Saudiyya da Dubai suna amfani da fulogi mai ƙafa uku masu faɗi irin na Najeriya, ƙarfin wutar ma kusan ɗaya ne. Wanda ya taso daga Yamai, Maraɗi ko Damagaram da caja mai ƙafa biyu zagayayyu irin ta Faransa shi ne zai buƙaci adafta. Ɗan Najeriya kuma zai buƙace ta idan zai kwana a Alƙahira. Adafta guda mai karɓar kowane irin fulogi ta isa, kuma ba ta kai girman sabulun wanka ba.

Abin da ya fi adafta amfani shi ne 'yar wayar jona wuta mai baki uku ko huɗu. Ɗakin mutum huɗu, soket biyu, ɗaya firji ya cinye, ɗaya yana bayan gadon wani Alhaji da ya riga kowa shiga. Kowa da waya, wani da biyu. Na ga zumuncin da aka ƙulla tun daga Kano ya yi tsami a kan soket. Wanda ya zo da abin jona wuta shi ne sarkin ɗaki. Haɗa da kan caja mai baki biyu da igiyar caji biyu, ɗaya doguwa. Igiya ce ke fara mutuwa, kuma a shagunan gindin Harami kuɗinta ba na wasa ba ne.

Mataki na 3: Shirya wayar kafin ka bar gida

Waya ba ta amfani a baƙon wuri sai an yi mata guzuri. Yi waɗannan kana gida, inda kake da data da natsuwa.

Sauke manhajar Nusuk ka yi rajista da bayanan bizarka, domin ta nan ake samun izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi (SAW), kuma gurabe suna cikewa da wuri. Buɗe Google Maps ka sauke taswirar Makka da Madina yadda za ta yi aiki ba intanet. A Google Translate sauke Larabci; kyamararta tana karanta rubutun allo da na kwalin magani. Ko kana da Larabcin makarantar Islamiyya, direban tasi ɗan Pakistan ko mai shago ɗan Bangaladash ba da shi zai yi maka magana ba.

Kada ka cire layinka na gida ka jefa a akwati. Saƙon lambar sirri da banki ke turowa ta kansa yake zuwa. Ka tambayi kamfanin layin yadda ake buɗe shi ya yi aiki a waje, ka sa masa ɗan kati, sannan ka kashe masa data, in ba haka ba kuɗin zai ƙare kafin ka fita daga filin jirgi. Data kuma ka sayi layin can: STC, Mobily ko Zain, duk suna da rumfuna a filayen jirgin Jidda da Madina, da fasfo da biza ake yi. Idan wayarka tana ɗaukar eSIM, wato layin da ake saukewa a cikin waya ba tare da kati ba, kana iya saye tun daga gida ka sauka da intanet a hannu. Ka sa ɗan tsinken cire layi a bayan rigar wayar. Ƙaramin abu ne, amma na ga babban mutum yana yawon neman allura a filin jirgi.

Kiran murya na WhatsApp yakan ƙi tafiya a ƙasashen Larabawan nan, a Dubai ma a toshe yake. Saƙon rubutu da na murya suna wucewa. Ku yi shawara da iyali a kan wata manhaja ta biyu, a sa ta a wayar Hajiya a gwada tun ana tare. A Sin kuwa WhatsApp, Facebook da Google duk ba sa aiki a layin ƙasar, WeChat ake yi.

Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 2. Mai shan magani a kan lokaci ya lissafa da wannan.

Mataki na 4: Jakar da ba ta rabuwa da kai

Ka ɗauka akwatinka zai yi kwana uku bai zo ba. Me za ka buƙata? Shi ke shiga jakar goyo: kaya kala ɗaya, harami idan Jidda za ka sauka, caja da fawa bank, kwafin takardu, buroshi, da dukan magungunanka. Na ce duka, ba na kwana biyu ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗebi abin da zai kai shi har dawowa da ƙarin mako guda, a cikin kwalinsu na asali, tare da takardar likita. Kada a zazzage ƙwayoyi a ƙulla a leda. Jami'in da ya gani ba shi da hanyar sanin mene ne. Allurar insulin ba ta shiga ƙarƙashin jirgi, sanyin wurin yana iya lalata ta.

Duk wani abu mai ruwa a jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100: turare, man shafawa, man goge baki. Almakashi, reza da wuƙa su koma babban akwati.

Kuɗi da fasfo kuma ba na jakar goyo ba ne, na jiki ne. Kakanninmu da suka yi watanni suna ratsa Chadi da Sudan a ƙasa da lalita suka riƙe guzurinsu, kuma har yau ba a ƙirƙiro abin da ya fi ta ba. Bel ɗin harami mai aljihu da zif shi ne lalitar zamani. Mata kuma 'yar jaka mai igiya da ake ratayawa a wuya ƙarƙashin hijabi. Raba kuɗin gida biyu ko uku. Ka canji ɗan Riyal tun daga gida, a wurin 'yan canji irin na Wapa a Kano, ƙananan takardu, saboda tasi da ruwa da abin karyawa a ranar farko. Wanda zai fita da abin da ya haura Dala 10,000 dole ya bayyana wa kwastan.

Mataki na 5: Babban akwati

Yawancin tikiti suna ba da jaka mai kilo 23, wasu ɗaya wasu biyu. Abin da aka rubuta a tikitinka shi ne hukunci. Sayi ɗan sikelin rataye mai batir, irin wanda ake maƙala wa hannun jaka a ɗaga. Amfaninsa ba a tafiya yake ba, a dawowa ne, kuma zan zo kansa.

Baƙin akwati iri ɗaya ya fi ɗari a jirgi guda. Ɗaura wa naka ƙyallen atamfa mai kala a hannu, rubuta suna da lambar waya a waje da kuma cikinsa, ka ɗauki hotonsa. Idan da hali, jefa na'urar bibiya a ciki: AirTag ga mai iPhone, SmartTag ga mai Samsung. Girmanta bai fi murfin kwalba da yawa ba, batirinta yana kai kimanin shekara. Ba za ta hana akwati ɓata ba, amma za ka iya nuna wa ma'aikaci cewa ga shi can a Adis Ababa, maimakon a ce maka "ka dawo gobe".

Goro a bar shi a gida. Hukumar alhazai tana nanata wannan duk shekara, duk shekara kuma sai an kama wani. Tiramadol da danginsa kuwa ba maganar ƙwacewa ba ce, maganar kurkuku ce, kuma hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa.

Wannan ya kawo mu ga saƙo. Mu mutane ne masu kunya, kuma da kunyar ake cin mu. "Don Allah ɗan ƙullin yaji ne, ka miƙa wa ƙanwata a Jidda." Idan ba a gabanka aka buɗe aka ƙulla ba, kada ka karɓa, ko daga wa ya fito. A filin jirgi kuwa ko a buɗe ne kada ka karɓa. Mutane ba su manta da ɗalibar nan 'yar Najeriya da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, wadda ta yi wata huɗu a tsare kafin a sake ta a 2019, bayan bincike ya nuna wasu ne suka liƙa sunanta a wata jaka mai ɗauke da ƙwaya wadda ba tata ba. Darasin a aikace shi ne: tsaya a wurin awo har a liƙa wa jakunkunanka takarda a gabanka, ƙirga 'yan takardun shaidar da aka manna maka, ka tabbata adadinsu ya yi daidai da jakunkunan da ka bayar. Jaka biyu, shaida biyu. Ɗauki hotonsu, kuma kada ka yar da su sai ka koma gida.

Idan akwati bai fito ba, kada ka bar filin jirgi sai ka je teburin kayan da suka ɓata an cika maka takardar rahoto an ba ka lamba. Da wannan lambar ake bibiya, da ita ake biyan diyya. A ƙa'idar jiragen ƙasa da ƙasa, jakar da ta kwana 21 ba ta zo ba ana ɗaukarta ɓatacciya. Wadda ta zo a fashe kuma a kai ƙara a rubuce cikin kwana 7.

Mataki na 6: Kayan rana da na ƙafa

Zafin Makka ba irin na Sakkwato ko Maiduguri ba ne da za ka ce ka saba. A Hajjin 2024 ma'auni ya haura digiri 51, mutane fiye da 1,300 suka rasu. 'Yar lema mai naɗewa, gorar ruwa, ƙaramar kwalbar fesa ruwa a fuska, da 'yan ƙullin gishiri da sukari na kemis, waɗannan ba kayan ado ba ne. Fanka ta hannu mai caji tana taimaka wa tsofaffi, amma lema ta fi ta.

Tsakanin Safa da Marwa kusan mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da tafiya daga masauki sau biyar a rana. Kada ka zo da sabon takalmi. Silifas ɗin da ƙafarka ta saba da shi shi ne abokin tafiya. Ka samo 'yar jakar zuge ka riƙa sa shi a ciki kana shiga da shi, don wanda ya ajiye a ƙofa ya fito ta wata ƙofar zai taka dutsen da rana ta gasa da tafin ƙafa. Maza su riƙe man basilin marar ƙamshi su shafa a cinya kafin ɗaura harami. Ba a cika faɗar wannan a wajen bita ba, amma duk wanda ya ga alhazai suna tafiya a tale rana ta biyu ya san dalili. Sabulu ma a nemi marar ƙamshi.

Abin mamaki, rigar sanyi ma tana da aiki. Sanyin na'ura a jirgi, a ɗaki da cikin masallaci, ga zamzam mai ƙanƙara a kan gumi, su ke haɗuwa su ba mutum tarin nan da kowa ke dawowa da shi. A cikin tulunan zamzam akwai waɗanda aka rubuta wa cewa ba masu sanyi ba ne, nemi su. Takunkumin fuska ma ka riƙe.

Mataki na 7: Kada a ɓata

Da isarka masauki, kafin ka kwanta, karɓi katin otal guda biyu a wurin karɓar baƙi, ka fita waje ka ɗauki hoton ginin, ka sa masa alama a taswira. Duk wanda kuke tare, musamman tsoho, a sa masa katin a jakar wuyansa tare da lambarka ta Saudiyya a rubuce da manyan lambobi.

Ƙofofin Harami suna da suna da lamba. Ta Sarki Abdul'aziz ita ce ta 1, ta Sarki Fahad ta 79. Riƙe lambar wadda kuka shiga, ku kuma yanke wurin haɗuwa tun kafin a shiga. "Mu haɗu a gindin agogo" ba magana ba ce, don dogon benen agogon nan ana ganinsa daga ko'ina, gindinsa kuma unguwa guda ne. Lokacin da na raka mahaifiyata, na ce mata, "Hajiya, in mun rabu kada ki neme ni. Ki zauna a ƙofar nan, ni zan zo." Mun rabu kuwa, bayan sallar Isha'i, cikin turereniya. Na same ta zaune daidai wurin, tana jan carbi, har ta yi ƙawa da wata mata 'yar Kumasi suna hira da Hausa.

Mataki na 8: Dawowa

Yanzu sikelin nan zai biya kuɗinsa. Dabino, bagaruwa, jallabiyoyi, dardumai, turare, carbi na rabo: kowanne shi kaɗai ba nauyi, amma dabino kilo biyar kilo biyar ne. Auna jaka a ɗaki tun saura kwana biyu, ka tsaya a kilo 22, domin sikelinka da na filin jirgi ba lallai bakinsu ya zo ɗaya ba. Wanda bai auna ba shi ne za ka gani a filin jirgin Jidda ya baje akwati a ƙasa, yana sa jallabiya uku a jikinsa, yana raba wa masu shara dabino. 'Yar jaka mai naɗewa da ka taho da ita a ƙasan akwati za ta ɗauki abin da ya yi saura, idan tikitinka na jaka biyu ne.

Kada ka cusa gorar zamzam a cikin kaya. Na'ura tana gani, za a buɗe a cire, wani lokaci akwatin ya kwana a can saboda haka. Wanda aka yarda da shi shi ne mai lita 5 da aka rufe a kwalinsa, ana sayensa a filin jirgi, guda ɗaya ga mai bizar Umara, idan kamfanin jirginka yana ɗauka. Tambaye su tun ranar da ka yanki tikiti.

Daren tafiya ka cika wayar da fawa bank da caji, ka ciro 'yan Nairorin da ka ware tun farko ka sa a aljihun gaba saboda mai turo kaya da mota. Jirgi yana sauka ka mayar da data kan layin gida, ka kira wanda zai ɗauke ka tun kana layin buga fasfo, don daga nan zuwa fitowar kaya sai a yi awa guda.